Wanda ya kulle ƙofa shi ke da alhakin magani



Maganar da muka zo da ita yau mun daɗe muna nauyin bakin faɗin ta. Shekara biyu ke nan da abin ya faru, amma ko a tsakar gidanmu ba mu cika tada ta ba. Yayanmu ne ya ce mu rubuta, ya ce wataƙila wani ya amfana. Ba za mu ambaci gari ko sunan kowa ba, don ba tonon asiri ya kawo mu ba.

Yayanmu ɗan kasuwa ne, yana sayen wake da gujiya a ƙauyuka yana kai wa manyan ƴan kasuwa. Rikicin kuɗi ya shiga tsakaninsa da abokin hulɗarsa, magana ta je kwamisariya, daga nan sai gaban mai shari'a. Aka ce a ajiye shi gidan kaso kafin a gama bincike. A lokacin shekararsa 52, kuma shekara tara ke nan yana fama da ciwon suga, allura yake yi safe da yamma.

Duk wanda ya taɓa kai kwano gidan kaso ya san yadda abin yake. Mu da asuba muke fita, ta bayan layi, don kunyar idon mutane. Ban da abinci, kullum sai mun kai allurar insulin cikin ɗan kwano da ƙanƙara, tunda zafi yana lalata ta kuma can ciki babu wurin ajiye ta. Wata rana a karɓa, wata rana a ce allura ba ta shiga sai da takardar malamin asibiti, shi kuma malamin bai zo ba tukuna. Sai mu juyo da ita ƙanƙarar ta narke.

A wata na huɗu takalmi ya ji masa ɗan ciwo a yatsan ƙafa. Masu ciwon suga sun san wannan: sau da yawa ƙafa ba ta jin zafi, sai ciwo ya yi nisa kafin mai shi ya ankara. Malamin asibitin gidan, Allah ya saka masa da alheri, ya wanke ciwon, ya rubuta takardar magani aka turo mana cikin kwano, muka sayo na jika goma sha biyu. Bayan kwana uku ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai an kai shi babban asibiti. Ya rubuta. Takarda ta tafi neman sa hannu. Da aka sa hannu, sai aka ce babu masu rakiya. Da aka samu masu rakiya, mota ta fita. Juma'a ta shigo, aka ce sai Litinin. Kwana goma sha ɗaya cur.

Ranar da aka kai shi, likita ya buɗe ƙafar, ya ɗago ya dube mu ya ce: "Me ya sa kuka bari har ya kai haka?" Muka rasa ta cewa. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Bayan wata biyu mai shari'a ya ce babu hujjar da za ta sa a ci gaba da tuhumarsa, aka sallame shi. Ya shiga da ƙafa biyu ba a yanke masa hukuncin komai ba, ya fito da sanda.

Innarmu ta tara mu ta ce: "Ku yi haƙuri ƴaƴana, haka Allah ya rubuta. Tunda da ransa ya fito, ai mun gode." Muka ce to, Inna. Takardun maganin da rasit-rasit duk muka watsar, don ko ganin su ba ma son yi.

Akwai ɗan ƙanwar innarmu da ke tuƙin taksi a birnin New York. Da ya ji labari sai ya aiko mana da saƙon murya ta WhatsApp, ransa a ɓace: "Yaya, wallahi da a nan ne, da tuni lauya ya kai su kotu." Muka yi dariyar takaici, muka ce kai dai ci gaba da tuƙinka. Amma maganar ta tsaya mana a rai. Ɗan kaso ya kai hukuma ƙara saboda ba a duba lafiyarsa ba? Muka shiga bincike, muka tambayi waɗanda suka karanci shari'a. Ga abin da muka samo, daɗinsa da ɗacinsa.

A Amurka wuraren tsare mutane iri biyu ne. Akwai manyan gidajen kaso na jihohi da na tarayya, inda ake kai wanda aka riga aka yanke wa hukunci. Akwai kuma na ƙananan hukumomi, kimanin 3,000, inda ake ajiye wanda aka kama jiya ko shekaranjiya. A waɗannan na biyun, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke, kamar yayanmu. Da yawansu kuɗin beli ne kawai ba su da shi.

Ƙofar kai ƙara wata tsohuwar doka ce ta shekarar 1871, wadda aka yi bayan yaƙin basasarsu don kare baƙaƙen fata da aka ƴanta daga bauta. A yau ana kiran ta sashe na 1983. Abin da ta ce a taƙaice: duk ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma da ya yi amfani da ikon da aka ba shi ya tauye wa mutum haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, to ana iya kai shi ƙara kotun tarayya a nemi diyya. Amma sai da aka yi shekara fiye da ɗari kafin kotun ƙoli ta yanke cewa rashin kula da lafiyar ɗan kaso ya shiga cikin wannan.

Wanda ya buɗe hanyar ba wani babban mutum ba ne. Wani ɗan kaso ne a jihar Tekzas mai suna J. W. Gamble. A watan Nuwamba na 1973 yana sauke kaya daga mota a wurin aikin da aka sa shi, sai dilar auduga ta kusan kilo 270 ta faɗo masa. Bayansa ya riƙa ciwo, aka yi ta ba shi ƙwayoyin rage zafi. Da ya ce ba zai iya komawa aiki ba, sai aka hore shi, har da kulle shi shi kaɗai a ɗaki. A watan Fabrairu na 1974 ya ɗauki alƙalami ya rubuta ƙara da hannunsa, ba lauya. Wannan takarda ce ta yi ta hawa har kotun ƙolin Amurka.

Ranar 30 ga Nuwamba 1976 kotun ta yanke hukunci, kuma Thurgood Marshall, baƙin fata na farko da ya zama alƙali a wannan kotu, shi ya rubuta shi. Hujjarsa kowane ɗan ƙauye zai gane ta. Mutumin da ke waje, in ba shi da lafiya, zai iya tashi ya nemi magani, ko ya ci bashi, ko ya roƙi dangi. Wanda aka kulle kuwa an karɓe masa wannan damar, ba shi da kowa sai wanda ya kulle shi. Saboda haka in ma'aikaci ya san ɗan kaso na cikin ciwo mai tsanani, ya kau da kai da gangan, to wannan azabtarwa ce irin wadda gyara na takwas na tsarin mulkinsu ya haramta. Ba likita kaɗai hukuncin ya shafa ba, har da mai gadi da ya hana mutum ganin likita, ko ya jinkirta shi da gangan, ko ya hana shi maganin da aka rubuta masa.

Da muka zo nan sai muka tuna abin da kowa ya sani a gidajenmu. Akuyar da ke yawo ita ke nemar wa kanta ci da sha. Ranar da ka ɗaure ta a turke, cinta da shanta sun koma wuyanka. Kuma malamai sun sha karanta mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Ashe ba baƙuwar magana ba ce a wurinmu. Su dai can sun mayar da ita abin da alƙali zai iya tilasta wa hukuma.

To amma kada mu yi saurin tafi. Shi Gamble ɗin da kansa bai samu ko dala ba. Kotu ta duba ta ga ma'aikatan lafiya sun gan shi sau 17 cikin wata uku, ta ce rashin ɗaukar hoton bayansa, in ma kuskure ne, kuskuren aikin likita ne, bai kai kau da kai da gangan ba. Ya buɗe wa dubban mutane ƙofa, shi bai shige ta ba. A 1994, a shari'ar Farmer da Brennan, kotun ta ƙara ƙunsa sharaɗin: sai mai ƙara ya nuna cewa ma'aikacin ya san haɗarin a zahiri sannan ya share. A ce ya kamata ya sani, bai wadatar ba. Sai kuma a 1996 majalisarsu ta yi dokar da ta ce ɗan kaso ba zai je kotu ba sai ya fara bin duk matakan koke na cikin gidan kason, kuma ko talaka ne sai ya biya kuɗin shigar da ƙara kaɗan-kaɗan. Ƙararraki masu yawa nan suke mutuwa, wani don ya makara da kwana biyu, wani don takardar da ya cika ba ita ba ce.

Su masu jiran shari'a, a ƙa'ida matsayinsu ya fi ƙarfi. Tun 1979 kotun ƙoli ta ce wanda ba a yanke wa hukunci ba, ba a da ikon hukunta shi ko kaɗan, tsare shi kawai aka yarda a yi. Duk da haka har yau kotunan ɗaukaka ƙara na ƙasar ba su daidaita a kan ma'aunin da za a yi masa amfani da shi ba. A wani yanki ya ishe shi ya nuna cewa duk mai hankali zai ga haɗarin, a wani yankin sai ya nuna abin da ke cikin zuciyar ma'aikacin.

Kuma mutane suna ta mutuwa. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi bincike a 2020 kan gidajen tsaro fiye da 500, ya ƙirga mutum 7,571 da suka mutu a ciki daga 2008 zuwa 2019. A cikinsu aƙalla 4,998 ba a taɓa kama su da laifin da aka tsare su a kansa ba. A birnin Milwoki, cikin watan Afrilu na 2016, an tsare wani mutum ɗan shekara 38 mai taɓin hankali, aka rufe famfon ɗakinsa a matsayin horo, ba a sake buɗewa ba. Kwana bakwai babu ruwa, ƙishirwa ta kashe shi, a ƙasar da ta fi kowace arziki. Iyalinsa suka kai ƙara. A 2019 aka sasanta a kan dalar Amurka miliyan 6.75, wato kusan miliyar 4 na sefa, kuma aka gurfanar da ma'aikata uku gaban kotu.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, ƙananan hukumomi da yawa can kamfanoni suke bai wa kwangilar lafiyar ƴan kaso. In an yanke wa kamfani kuɗi a dunƙule, to duk majinyacin da bai tura asibiti ba riba ce ta rage masa. Tun 1988 kotun ƙoli ta ce likitan kwangila ma ana iya kai shi ƙara kamar ma'aikacin gwamnati, hukuma ba za ta fake da cewa ta ba wani aikin ba. Amma biyu daga cikin manyan kamfanonin, Corizon a 2023 da Wellpath a 2024, sun je kotu sun ce sun karye, abin da ya dakatar da ƙararraki masu yawa, iyalai suka koma layin masu bin bashi.

Ƙarar da ta fi kawo canji ba ta neman kuɗi ba ce. A Kalifoniya ƴan kaso sun haɗu sun kai jihar ƙara gaba ɗaya. Gidajen da aka gina don mutum kimanin 80,000 sun ɗauki kusan ninki biyu. Alƙali ya gano cewa duk kwana shida zuwa bakwai sai mutum ɗaya ya mutu mutuwar da za a iya kauce mata da an kula. Ya karɓe ragamar lafiyar gidajen daga hannun jihar ya damƙa wa wani wakilin kotu. A watan Mayu na 2011 kotun ƙoli, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da umarnin cewa dole jihar ta rage cunkoso zuwa kashi 137.5 cikin ɗari na abin da gidajen za su iya ɗauka. Ma'ana, kotu ta yarda cewa cunkoso shi ne tushen ciwon: likita ɗaya ba zai iya da ɗaruruwan mutane ba komai kirkinsa.

Wannan ya sa muka sake duban abin da ya same mu da wani ido. Malamin asibitin nan bai ƙi yayanmu ba. Shi kaɗai ne, kabad ɗinsa kusan babu komai sai farasitamol da bandeji. Cikin masu gadin ma akwai wanda ya taɓa sayo masa ƙanƙara da kuɗin aljihunsa. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana da uzurinsa. Amma kwana goma sha ɗaya sun wuce, ƙafa ta tafi, kuma babu wanda aka kira aka tambaya ko da baki. Amfanin ƙarar nan da muka gani a Amurka ke nan, fiye da kuɗin. Tana sa a fito da rajista, a ga ranar da aka rubuta takarda da ranar da aka sa hannu, a rantsar da mutum ya faɗi inda mota ta je. Shugaban gidan kason da ya san wata rana za a yi masa wannan tambayar, ba zai bar takardar asibiti ta kwana a kan tebur ba.

Kada wani ya ce wannan sai Amurka. A watan Disamba na 2015 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ƙasarmu ke ciki, ya amince da ƙa'idoji 122 na kula da ƴan kaso, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ta 24 ta ce lafiyar ɗan kaso nauyin gwamnati ce, kyauta, kuma daidai da wadda ake samu a gari. Ta 27 ta ce in ciwo na gaggawa ne a kai shi ga likita ba jinkiri, kuma abin da ma'aikacin lafiya ya yanke kan jinya, wanda ba ma'aikacin lafiya ba ba shi da ikon soke shi. Ta 30 ta ce a duba lafiyar mutum da zarar an shigo da shi. Ta 71 ta ce duk mutuwa ko mummunan rauni a tsare, a sanar da wata hukuma mai zaman kanta ta bincika. Ba doka ba ce mai tilasta wa ƙasa, amma ma'auni ne da aka yarda da shi, kuma ba laifi ba ne talaka ya ambace shi. Mun kuma ga talaka ya yi shari'a da gwamnati a nan gida: a watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan ƙasar Nijar saboda ba a kare ta daga bauta ba, aka yanke mata diyyar miliyan 10. Yanzu da ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar, nauyin ya ƙara komawa kan kotunanmu na cikin gida.

Mu dai mun yi namu kuskuren, kuma shi ya fi ci mana rai. Kunya ta hana mu ɗaga murya tun kwana na biyu. Ba mu nemi lauya ba sai da aka yanke ƙafa. Ba mu san cewa mai shari'ar da ke riƙe da takardun yayanmu ana iya rubuta masa a nemi sakin talala saboda rashin lafiya ba. Ba mu san akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimaka wa marasa hali a harkar shari'a ba. Da wani lauya ya tambaye mu daga baya ko muna da takardu, sai muka dubi juna.

Saboda haka ɗan uwa, ƴar uwa, in naka yana ciki yau, ga abin da muka koya da tsada. Ranar farko ka kai takardun asibitinsa, ka tabbatar malamin asibitin gidan ya gan su. Duk takardar magani da rasit ka ɗauki hotonsu da salula ka adana. Ka samu ɗan littafi kana rubuta rana da abin da aka ce maka da wanda ya faɗa. In an ce sai an kai shi asibiti kuma kwana biyu suka wuce shiru, ka rubuta wa shugaban gidan da mai shari'a, cikin ladabi, ka riƙe kwafi. Baki yana mantuwa, kuma ana musanta shi.

Mun koma wurin Inna da wannan magana. Muka ce mata: Inna, mun yarda da ƙaddara, amma ai ko ranar da ɓarawo ya shiga gidan nan ƙaddara ce, kuma sai da muka kai ƙara. Ta yi shiru, can ta ce: "To ku yi, amma kada ku zagi kowa." Mun ɗaukar mata wannan alkawari, kuma muna fata mun cika shi.

Yayanmu yanzu yana zaune a ƙofar gida yana sayar da goro da sukari. Jiya da muka karanta masa rubutun nan, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mu ƙara abu guda. A ɗakin da ya zauna akwai wani tsoho mai tari da ba ya barin kowa barci, kuma tsawon wata huɗun nan bai taɓa ganin an kawo masa kwano ba. Ya ce shi yana da mu, ga yadda ta ƙare masa, to wanda ba shi da kowa fa?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti da na tsare. Allah ya ba masu riƙe da makullai ikon sauke nauyin da ke kansu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ko ma'aikacin lafiya da ya yi aiki a gidan kaso, muna son jin ta bakinsa.